Tungar Kirya Ba Kufai Ba Ce

Zuwa ga Babban Darakta,
Kamfanin da aka ba kwangilar zana taswirar ƙauyukan Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, da ƙiyasta yawan mutanen da ke cikinsu,
Gusau.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai babbar kujera kamar taka, ina fatan kana lafiya, iyali suna lafiya, na'urar sanyaya ofishinka ma tana lafiya, tunda na lura da ita kuka fi yin shawara a wannan aiki.

Sunana Malam Lawali. Na koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Kaura Namoda ina ɗan taɓa sayar da maganin dabbobi. An haife ni a Tungar Kirya, ƙauyen da ake iskewa idan an bar kwaltar Kaura zuwa Zurmi aka gangara ta wajen fadama. A can aka binne cibiyata, a can aka binne mahaifina, kuma a can mahaifiyata take zaune yanzu haka da nake wannan rubutu. Ban sa sunanka ko na kamfaninka ba, kuma kada ka ɗauka tsoro ne. Ka san kanka, waɗanda suka biya ka sun san ka, ni kuwa ba ni da niyyar yi maka talla kyauta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. A taswirar da kuka miƙa wa ƙungiyar agajin da ke riƙe da ɗakin shan maganin ƙauyenmu, kun rubuta cewa Tungar Kirya kufai ce, mutanenta sun tashi. Ƙungiyar ta yarda da ku, domin dai ta biya ku ne don ta yarda da ku. Ta aiko wa ma'aikaciyar lafiyarmu, Malama Saratu, cewa da an gama yankan gero ta haɗa kayanta, za a rufe ɗakin, a kwashe ta da firjin sola zuwa Mararrabar Tsamiya a bakin kwalta. A cikin wannan firjin ake ajiye allurar ciwon sugar mahaifiyata. Kullum ake yi mata ita, kuma Malama Saratu ta gaya mini ruwan allurar ba ya jure zafin garinmu in babu sanyi. Geron kuwa ya nuna, wasu ma sun fara kwantar da nasu.

Kafin in fito fili sai da na bi hanyar mutunci. Na shiga mota na zo Gusau har ofishinku. Na zauna a kujerar baƙi tun hantsi har aka kira azahar. Da fari aka ce kana taro, daga baya aka ce ka fita, motarka dai tana nan a inuwa tana kallona. A ƙarshe aka haɗa ni da wani ma'aikacinku mai farin gilashi, ya juyo mini da kwamfutarsa yana bayani a hankali, kamar wanda yake lallashin mara lafiya. Ya ce tauraron ɗan'adam ne ya ɗauki hoton ƙasar daga sama, kwamfuta ta ƙidaya rufin ɗakuna, aka ɗora wa kowane rufi adadin mutanen da ake zaton suna kwana a ƙarƙashinsa, aka tara. Ya jawo hoton ƙauyenmu ya ce, "Baba, ka dai gani da idonka, babu rufi ko ɗaya. Hoto ba ya ƙarya." Na ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar na nuna masa masallaci, na nuna masa gidan Maigari, na nuna masa kiryar da garin ya ci sunanta. Ya goge wurin da yatsana ya taɓa. Na ciro wayata na nuna masa hoton sunan da aka yi a gidan ƙanena satin da ya wuce, mata cike da tsakar gida, ga rago a rataye. Ya ce wannan ba hujja ce ta kimiyya ba, in ina da koke in aika ta yanar gizo. To ga shi na aiko, amma ta inda kowa zai karanta.

Na ɗaya. Rufinmu ba ya ƙyalli, kuma mu muka hana shi da hannunmu.

Yamma da garinmu akwai dutse a bakin daji, yana nan a taswirarku, kun ma zana shi da kyau. 'Yan shekarun baya wani mutuminmu, Isa mai injin niƙa, Allah ya buɗa masa ya sa wa gidansa sabon kwano. Ba a jima ba 'yan bindiga suka shigo da rana tsaka, suka wuce gidaje da dama ba su ko leƙa ba, suka tsaya a ƙofarsa. Da ya dawo daga hannunsu, ya rame har ɗiyansa suna gudunsa, shi ya gaya mana abin da suka faɗa masa: a kan dutsen nan suke zama da hantsi, su duba gari, duk gidan da kwanonsa ya fi walƙiya sun san akwai abin tatsa a ciki. Aka sake ɗaukar wani, shi ma mai sabon rufi. Sai Maigari ya tara mutane bayan la'asar, aka yanke shawara ɗaya. Duk mai rufin kwano, sabo ko tsoho, ya shimfiɗa masa kara, ya yaɓe shi da laka, har ya koma kalar ƙasa. Mata suka ɗebo ruwa, maza suka kwaɓa, aka bi gari gida-gida, har masallaci, har ɗakin shan maganin. Ba mu ɓoye garin ba, gari ba ya ɓoyuwa. Mun ɓoye wanda ya fi wani ne, don kada a san ƙofar da za a tsaya.

Kada ka zaci abin daɗi ne. Mutum ya tara guminsa ya sayi kwano don ya huta da yoyo, ya dawo ya jibga masa laka da kansa. Nauyin yana lanƙwasa katako. Ruwa yana wanke yaɓen, duk gabanin damina sai an sake. Mun ɗauki wannan wahala don idon da ke kan dutse, ba mu san akwai wani ido a sama ba wanda ya fi shi nisa kuma ya fi shi rashin hankali. Wallahi abin kunya ne in faɗa, amma mutanen dajin nan, da duk jahilcinsu da rashin tsoron Allahnsu, sun fi kamfaninka sanin yawan mutanen Tungar Kirya. Su ba su taɓa cewa mun tashi ba.

Kuma ko da rufin ya ɓace muku, sauran abubuwan fa? Na gani da idona a kwamfutar ma'aikacinka. Gonaki a share, kunya-kunya a jere har bakin fadama. Turbobi sun yi fari saboda sawu, duk sun haɗu a bakin rijiya. Rumbuna a tsaye. Wa yake nome gonakin, aljanu? Wa yake tattake hanyar rijiya? Ɗan aji ɗaya a makarantar da na koyar, in na nuna masa wannan hoto na ce kufai ne, zai ɗaga hannu ya ce Malam ba haka ba ne. Ku kuwa kuna da takardun digiri a jikin bango, na gan su, har da firam.

Na biyu. Garin da kuka ƙirƙira.

A taswirarku Mararrabar Tsamiya ita ce babbar alƙarya a duk wannan yanki, kun yi mata babban ɗigo ja, kun ce jama'arta na ƙaruwa cikin sauri. Dalilin da za a kai mata ɗakin maganinmu ke nan. Ranka ya daɗe, Mararrabar Tsamiya kasuwa ce. Sau ɗaya take ci a mako. Abin da tauraronku ya gani yana walƙiya rumfunan kasuwa ne da aka yi wa sabon kwano, layin 'yan hatsi, layin 'yan koli, layin mahauta, da rumfar masu babura. Babu mai kwana a wurin. Ran da ba kasuwa, in ka je ba za ka tarar da kowa ba sai awaki suna lasar inda gishiri ya zube, da wani bawan Allah mai taɓin hankali da ke bin rumfuna yana tsintar leda. Kowace rumfa kun ba ta miji da mata da 'ya'ya. Rumfar mai tsire kun aurar da ita, ta hayayyafa. Ina taya awakin Mararraba murna, za su samu ma'aikaciyar lafiya da firji, abin da uwata za ta rasa.

Na uku. Ziyarar da kuka ce kun kai.

Ma'aikacinka ya bugi ƙirji ya ce ba hoto kaɗai kuka dogara da shi ba, kun tura tawaga ta tabbatar. Na bincika, gaskiya ne, sun zo. Sun zo ranar kasuwa, a baƙar mota mai duhun gilashi, suka tsaya a Mararraba, tayarsu ba ta taɓa ƙasar da ba kwalta ba. Suka ɗauki hoton cincirindon 'yan kasuwa, wanda ya zama shaidar yawan jama'ar garin da babu shi. Rabin mutanen da ke cikin hoton nan 'yan Tungar Kirya ne da suka kawo wake da kaji. Daga nan suka zauna a rumfar Bawa mahauci suka ci balangu, suna ci suna yi masa tambayoyi. Akwai mutane a Tungar Kirya? Maza nawa ne? Suna da shanu? Babura fa, kamar nawa? Bawa ɗan Tungar Kirya ne, gidansa yana kallon gidanmu, matansa biyu da ɗiyansa suna ciki a wannan lokacin. Ya dube su ya ce, "Tungar Kirya? Ai sun tashi tun bara. Ba kowa can sai ƙadangaru." Suka rubuta, suka wanke hannu, suka juya Gusau kafin la'asar.

Na sami Bawa na tambaye shi, ban ma iya yi masa faɗa ba. Ya ce, "Malam, mi za ni ce masu? Mutane cikin baƙar mota, ba su biya wurin Maigari ba, ba su zo da kowa namu ba, suna tambayar maza nawa, shanu nawa, babura nawa. Ko kai na, mi kaka cewa?" Ni ma abin da zan ce ke nan. A ƙasarmu yau wannan ita ce tambayar masu kai wa 'yan daji rahoto. Tun daga garin Ɗan Isa har Galadi, ka tare mutum a hanya ba ka san shi ba ka tambaye shi yawan mazan garinsu, ka ga irin amsar da za ka samu. Yaran goye ma an koya musu su ce ba su sani ba. Duk wanda ya kwana biyu a arewacin Zamfara ya san haka. Tawagarku ba ta sani ba, domin ba ta kwana ko ɗaya ba, kuma girman kai bai bar ta ta yi sallama a ƙofar hakimi ko maigari a haɗa ta da ɗan gari ba. Kun ɗauki amsar tsoro kun mai da ita ilimi, kun buga mata hatimi.

Na huɗu. Nisan da kuka auna.

Rahotonku ya ce ko da akwai tsirarun da suka rage a kufan, Mararraba kusa take, za su iya zuwa da ƙafa. Na ga yadda aka auna, an ɗora abin awo a kan gilashin kwamfuta an ja miƙaƙƙen layi. Layin naku ya ratsa ta tsakiyar fadama da rafin da ke zuba cikin gulbin Gagare. Hotonku na rani ne, rafin ya fito fari kamar hanya, yashi ne zalla. Da damina wannan farin layi ruwa ne mai cin mutum, kuma bayan ruwa ya ɗauke fadamar tana riƙe taɓo har a shiga sanyi. Hanyar gaskiya sai an zagaya ta gindin dutsen da na faɗa maka, a kan babur, mai babur yana gudu yana waige. Samari ma sai sun yi addu'a suke bin ta. Ita kuwa mahaifiyata ƙafafunta sun kumbura, idonta ya yi rauni, rabonta da hawa babur tun kafin ciwon ya yi ƙarfi. Wannan tafiya kuke so ta yi kullum don a yi mata allura? Ko kuwa a kawo allurar gida a sa a randa, ta lalace, a yi ta tsira mata ruwan banza har ranar da za ta faɗi?

Na biyar. Ba mu kaɗai kuka zalunta ba.

Gabas da garinmu akwai rugar Fulani, mutanen da iyayensu suka zauna da iyayenmu, waɗanda su ma 'yan daji sun kwashe musu shanu kamar yadda suka kwashe na kowa. Matansu a ɗakin maganinmu suke awon ciki, 'ya'yansu a nan ake yi musu rigakafi. Bukkokinsu na kara ne. A taswirarku an sa musu alamar ƙananan itatuwa. Mu an ce mun tashi, su ko tashin ba a ba su ba, an mai da su sabara.

A cikin Kaura kuwa kuskuren naku juyawa ya yi. Unguwar da nake zaune, gidan da a da magidanci ɗaya ke ciki da iyalinsa, yau za ka tarar da ƙaninsa da ya gudo daga ƙauye, da ƙanwar matarsa da aka kashe wa miji, da ɗiyansu duka. Kangon da ba a gama ba, babu ko rufi, an kafa masa buhu ana kwana. Rufi bai ƙaru ba, mutane sun ninka. Kwamfutarku ta ƙidaya kwano ta ce garin yana nan yadda yake. Wato inda muka ragu kun shafe mu, inda muka cunkushe kun rage mu. Ba ni da alƙaluman da zan ba ka, ba kuwa zan ƙirƙiro su ba, wannan sana'arku ce. Abin da na sani shi ne layin famfon unguwarmu, da yawan takalman da ke ƙofar masallaci.

Na san abin da za ka ce, domin ma'aikacinka ya riga ka faɗa, yana murmushi: me zai hana in ɗauko tsohuwar in kawo ta Kaura kusa da asibiti? Ka ɗauka ban gwada ba? Na kawo ta bara. Ɗakuna biyu gare ni na haya, na ba ta ɗaya, mu da yara muka matsu a ɗaya. Ta daina cin abinci. Ta daina hira. Tana zaune a bakin ƙofa tana kallon katangar maƙwabci daga safe har yamma. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai wanga yaro, maishe ni gida. Nan ko sama ban gani." Likita da kansa ya ce in mayar da ita, zaman yana cin ta fiye da ciwon. Da ta koma ta ga awakinta da kabarin mijinta da maƙwabtan da suka tsufa tare, cikin 'yan kwanaki ta fara faɗa da kowa, muka san ta warke. Kuma a ce ma na ɗauko tawa, sauran tsofaffin garin fa, da masu ciki, da yaran da zazzaɓi ke kayarwa duk damina? Kowa ya kwaso nasa, garin ya zama kufai na gaskiya, sannan taswirarku ta zama daidai. Watakila haka kuke gyara kuskure a kamfaninku.

Malama Saratu ta yi iya ƙoƙarinta. Ta gaya wa manyanta cewa kullum tana ganin marasa lafiya, ba ta hutawa. Aka ce mata wataƙila masu wucewa ne, ko manoman da ke zuwa da rana su koma, domin masu ba da tallafin taswira suke dubawa, kuma taswira ta ce babu kowa. Mace tana tsaye a tsakiyar gari da jariri a hannu tana rantsuwa akwai mutane, an ce mata takarda ta fi ta sani. Wannan darajar kuka samu, ranka ya daɗe, kuma ga abin da kuka yi da ita.

Yanzu garin ya rabu biyu, abin da 'yan bindiga ma ba su iya yi mana ba. Da na dawo daga Gusau na faɗi abin da na gani, sai samari suka ce a kankare lakar duka, rufi ya fito, tauraron ya gan mu. Dattawa suka ce duk wanda ya taɓa yaɓen nan ya kira mana mutuwa. An yi ta cacar baki a ƙofar Maigari har wa da ƙani suka daina gaisawa. Isa mai injin niƙa ya tashi ya shige gida. Maigari ya tambaye ni ranar da tauraron zai sake wucewa, ko a buɗe rufin na yini ɗaya a mayar. Na kira ofishinku na tambaya. Aka ce ba a sani ba, hoton saye kuke yi, kuma babu kuɗin sake saye a cikin kwangilar.

Saboda haka ga buƙatuna, kuma ba alfarma nake roƙo ba.

Ka rubuta wa ƙungiyar agajin nan, da hannunka da hatiminka, kafin a gama ɗaure geron bana, cewa abin da kuka faɗa a kan Tungar Kirya kuskure ne, a dakatar da kwashe Malama Saratu da firjin. Wannan shi ne na gaggawa, sauran duk suna iya jira.

Ka turo mutanenka su zo su gani, ran da ba kasuwa. Su fara sallama a wurin hakimi, ya haɗa su da Maigari, su bar baƙar motar a bakin kwalta su hau babur kamar kowa. Ba sai sun tambayi yawan shanu ba. Su tsaya a bakin rijiya da safe, su tsaya a ƙofar masallaci da magariba. In tsoro ya hana su, ba laifi, tsoro halal ne, mu ma da shi muke kwana. Amma sai ku rubuta gaskiya a taswirar, ku ce ba mu je ba, ba mu sani ba. Wannan ya fi mutunci a kan ku kashe gari da biro.

Ku goge jan ɗigon da kuka yi wa Mararraba, ku rubuta kasuwa. Ku mayar da rugar maƙwabtanmu cikin 'yan Adam. Sannan ku koma kan duk wani ƙauye da kuka sa wa alamar kufai tsakanin Kaura da Shinkafi da Zurmi ku sake dubawa, domin ban yi tsammanin mu kaɗai ne muka yi dabarar laka ba, kuma ba kowane ƙauye ne yake da tsohon malami mai bakin rubuta wasiƙa ba.

Akwai abu na ƙarshe, kuma shi ya hana ni jira har ku ga damar amsa koke ta yanar gizo. Shekaranjiya Malama Saratu ta kira ni a waya. Maganar gardamar ta kai kunnen mahaifiyata. Ta aika a kira magini ya kankare lakar da ke kan ɗakinta, ya ƙi. Maigari ya zo da kansa ya durƙusa yana ba ta haƙuri. Sai ta fito ta zauna a tsakar gida cikin rana, ta ce ba mai tsira mata allura sai an yi abin da ta ce. Ta wuni a haka. Jikinta ya fara rawa, Malama Saratu na tsaye da allura a hannu tana kuka. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne, "Sunka ce ba kowa garin ga? To a kankare, su gan ni. In na dutse sunka riga su gani, ni tsohuwa ta, mi za su yi da ni?" Kowa a wurin ya san abin da suke yi da tsohuwar da ɗanta ke zaune a birni, ita ma ta sani. Da yamma Maigari ya ce wa magini ya hau. Aka kankare, ta sa aka wanke kwanon da toka, sannan ta miƙa hannu aka yi mata allurar.

Jiya na je. Tun daga gangaren fadama na hango shi. Duk garin ja ne kamar yadda kuka gan shi, sai rufi ɗaya tak yana walƙiya a tsakiya. Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na yi mata kuka, ta ce sai ranar da aka ce ɗakin magani ya zauna za a mayar da laka. Maƙwabtanta sun kwashe yaransu zuwa wancan gefen gari. Ni kuma da na gama wannan wasiƙa zan koma can in zauna da ita, domin ba ni da wata dabara.

Ban san yaushe tauraronku zai waiwayo ba, ku ma kun ce ba ku sani ba. Na kan dutse kuwa kullum da hantsi suna nan. Takarda ɗaya daga hannunka ta isa a mayar da lakar nan gobe.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Allah ya raya maka mahaifiyarka in tana da rai, ya jiƙanta in ta rasu. Allah ya sa kada ranar ta zo da za ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana neman a yarda tana nan. Allah ya ba ka ikon sa hannu tun ana yi maka godiya, kafin ya zama ta'aziyya za ka aiko mana.

Wassalam.

Malam Lawali Tungar Kirya,
Kaura Namoda.